Kambun Kawu Ciɗo

SHAFI NA 17

Masu cika min waya da "ina sauran?", ga shi. Ku samu wuri ku zauna.

Wanda yau ya shigo: ni ne Attahir, ɗan kokowa daga Barmu. Hannuna na dama ya mutu daga wuyan hannu. Ba ya ɗagawa, yatsun ba su miƙewa. Bayan maɗora biyu da malamai uku, na zo garin Tawa wurin likita.

*

"Cire rigar," Dokta Kadidiya ta ce.

Ban motsa ba.

Zuwana na biyu ke nan ɗakinta. Ran Litinin na naɗe hannun riga iya gwiwar hannu, na ce iyakata nan. Ta ƙyale ni. Yau ta jawo wata na'ura mai allo kusa da gado, eko suke ce mata, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Yau ba ta zo da niyyar ƙyale kowa ba.

Kawu Ciɗo na zaune bisa kujerar roba bakin ƙofa. Yayan innata ne. Shi ya koya min kokowa tun ina yaro ɗan lakwal. Ban gayyace shi ba, na dai iske shi cikin mota tun Barmu. Hannunshi na hagu bisa cinya, a lanƙwashe, yadda kowa ya san shi. Amalanke ce ta taka shi shekara talatin da suka wuce. Haka aka faɗa mana muna yara.

"Likita," ya ce, "hannu ne ya mutu, ba ƙirji ba. Mi za ki gani cikin riga?"

"Baba, in fitila ta ƙi kamawa, ai waya ake bi."

"Mu can ba mu da wayar."

"Shi yana da ita. Daga wuya ta taso, ta bi damtse, ta sauka yatsu. Ita nake nema."

Kawu ya yi tsaki a hankali.

"Ku mutanen Damagaram. Kokowa ba ku iya ba, sai bayani."

"Bara ma naku ya sha ƙasa gaban namu."

"Santsi ne."

"Cikin rairayi, Baba?"

Ban yi dariya ba. Na ce, "Ki faɗi abin da kika kira ni dominshi."

Ta aje bik ɗin da take rubutu da shi. Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni.

"Na yi magana da malamina na Yamai. Likitan tiyata ne. Shi da wasu suna wani gwaji bisa masu irin ciwonka. Ka ji kalmar da kyau. Gwaji."

"Na ji."

"Jijiyar da ta mutu gare ka ba ta jini ba ce. Ta saƙo ce. Ita ke ce wa hannu tashi. In wani yanki nata ya lalace, sai a yanke shi, a sa ɗan bututu tsakanin baki da baki, ta tsiro ta ciki. Wannan an daɗe ana yi. Sabon abin shi ne me za a zuba cikin bututun."

"Mi ne ne?"

"Ƙwayoyin asali. Jikin kowa yana da su. Ƙwayoyi ne da ba su riga sun zaɓi aikinsu ba. A ɗebo su daga kitsen cikinka, a tace, a zuba a wurin. Ana fatan su share wa jijiyar hanya, su ciyar da ita, ta yi saurin tsirowa."

Kawu ya gyara zama.

"Wanga muna da shi. Alƙasum mai kanti na sai da shi cikin leda. Gari ne, a dama da ruwa."

"Wancan garin 'ya'yan itace ne da sukari, Baba. Ko ya sha buhu, ba abin da zai kai ga damtsensa."

"Ya sha kwali biyu."

"Hannun ya tashi?"

Kawu ya kalli taga.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Matsala ɗaya, ban ga kitsen ba. Kai duk igiya ne."

"In sai na ci tunkiya ɗaya ni kaɗai, zan ci."

"Za su samu ɗan abin da suke so. Ba shi ne damuwata ba."

"Hannun zai tashi?"

"Ban sani ba. Su ma ba su sani ba, shi ya sa ake gwajin. Ga dabbobi ya nuna alama mai kyau. Ga mutane yanzu ake kallo. Duk wanda ya ce maka tabbas, ƙarya yake."

Na ji daɗin maganar. Wata da watanni kowa tabbas yake ce min.

"Ki sa sunana."

"Da sharaɗi. Ba su ɗaukar wanda ciwonsa ya wuce shekara. Jijiya a hankali take tafiya, kamar kaurin farce a yini. Tsoka kuma ba ta jira har abada. In saƙo ya daɗe bai zo ba, sai ta bushe. Ka ce min wata takwas."

"Wata takwas," Kawu ya riga ni.

"Ka ce kuma faɗuwa ka yi bisa kafaɗa wurin motsa jiki."

"Bisa kafaɗa," in ji Kawu.

"Baba, shi nake tambaya. Attahir, hoton radiyon kafaɗarka lafiya lau. Wuyanka lafiya lau. Ba zan aika dosiyen takardunka Yamai da labarin da ban yarda da shi ba. Cire rigar, ko ka tashi ka ba na bayanka wuri."

"Tashi mu tahi," Kawu ya ce.

Na kama wuyan rigar da hagu. Na ja.

"Attahir!" in ji Kawu.

Na cire ta. Na jefa bisa gado.

 Can waje wata mata na kiran lambar layi.

Kambun na nan inda yake. Baƙar fata, faɗin yatsa biyu, zagaye da damtsena na dama. Ta baya, wajen waje, akwai ƙulli mai tauri awa ƙwallon dabino. Da can ko tsinke ba ya shiga ƙarƙashinshi. Yanzu damtsen ya rame, kambun na ɗan juyawa.

Dokta ba ta taɓa shi ba. Ta dai sunkuyo.

"Me ke cikin ƙullin?"

"Ba a faɗi," in ji Kawu.

"Tsinin ƙahon rago ne," na ce.

"Wa ya zaɓi wurin da zai zauna?"

Na ji Kawu ya miƙe. Ban waiga ba.

"A gidanmu ba a ɗaura kambu ko'ina," na ce. "Mai ɗaurawa zai bi damtse da ɗan yatsa yana dannawa. Akwai wuri ɗaya. In ya danna, sai ka ji wani abu awa walƙiya ya sauka har babban yatsa. Nan ake aza ƙahon. A ja igiya. In kana jin walƙiyar, maganin ya kama."

"Sai kuma?"

"Sai aiki. Gwangwani biyu cike da siminti, da ƙarfe tsakani. Ɗari da safe, ɗari da la'asar. Sai jan amalanke zuwa kan dutse."

"Damtsen na kumbura?"

"Shi ake nema."

"Kambun na buɗewa?"

"Fatar raƙumi ce."

"Walƙiyar fa?"

"Kullum ƙaruwa take. Ina murna. Sai wata safiya ta ɗauke."

Ta rufe ido ɗan lokaci. Ta buɗe.

"Abin da kuke nema da ɗan yatsa, jijiyar ce. Ita kanta. Wurin nan ne take kwance bisa ƙashi, ba abin da ya kare ta. Kun nemo ta, kun aza mata ƙaho, kun ɗaure. Duk ɗagawa ɗaya, tsoka ta kumbura ta matse ta da ƙahon. Sau ɗari biyu a yini."

"Ƙarya ne," Kawu ya ce. Muryarshi ba ta tashi ba. "Jifa ne. Mutanen Afala sun sa mishi hannu tun da ya kada nasu gaban sarkinsu. Kambun ga ne ya tare, da ba hannu kaɗai za a ɗauka ba."

"Baba, zan iya ganin naka hannun?"

"Amalanke ce."

"Tun shigowarka nake kallonsa. Amalanke in ta taka hannu, ƙashi take karyawa. Naka ƙasusuwan a jere suke."

Na juya.

Shekara ashirin da uku ina ganin hannun nan. Na ga yana alwala da shi. Na ga yana tura akushi da bayanshi. Ban taɓa aza shi kusa da nawa ba. Yau na aza, da ido. Wuyan hannu a faɗe. Yatsu a lanƙwashe. Babban yatsa kwance cikin tafi. Nashi ya bushe awa kara, nawa da saura. Bambancin ke nan.

Kuma Kawu bahago ne. Da hagu ya yi suna.

"Kawu, naɗe hannun rigarka."

"Kai yaro, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Naɗe."

"Gaban mace?"

"Ni na cire tawa duka."

"Ni na goye ka ranar da ubanka ya rasu. Ni na kai ka fili kana kuka. Yau ni za ka tsayar awa ɓarawon akuya?"

"Ban ce ka saci komi ba. Damtsenka nake son gani."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zauna. Ya sa dama ya tura hannun rigar sama, a hankali, har kafaɗa.

Zobe ne. Fata ta lotsa zagaye da damtsen, faɗin yatsa biyu. Ta baya, wajen waje, wani ɗan rami baƙi.

Daidai inda nawa ƙullin yake.

"Babu amalanke," na ce.

"Akwai amalanke. Bayan ya mutu da wata biyar ta taka shi. Ban ma ji ba. Sai na samu abin faɗi."

"Wa ya ɗaura maka?"

"Kakanka."

"Wanga kambun?"

"Shi ne."



"Ka sani, ka ɗaura min?"

"Ban sani ba!" Ya buga cinya. "Wallahi ban sani ba. An ce min jifa ne, na yarda. Shekara talatin ina gaba da gidan wani mutum a Takanamat, har ya mutu ban je gaisuwa ba. Na ce kambun ya yi iya nashi, an dai fi ƙarfinshi. Kai kuwa na ga ka fi ni. Na ce bari in ja igiyar ta fi tawa."

"Yaushe ka gane?"

Ya sauke hannun rigarshi.

"Kawu."

"Safiyar da ka ɗauki ludayin hura ya suɓuce. Ka sake ɗauka, ya sake suɓucewa. Ka yi dariya, ka ce barci hannun ya yi. Ni ma haka na ce, a tawa safiyar. Kalma ɗaya ba ta canza ba."

"Sai ka yi mi?"

"Sai na ɗaure maka wuyan hannun da fata da ɗan itace, don riƙo shi dawo. Na ce kada ka faɗa wa kowa. Ɗan kokowa ba ya nuna inda ya yi rauni, kai ma ka sani. Ka shiga fili wata huɗu haka nan, mutane na cewa ado ne."

"Mi ya hana ka kwance shi ran nan?"

"In na kwance, na ce ubana ne ya kashe min hannu. In ce ni na kashe naka. Wanne zan ɗauka gida in faɗa wa innarka?"

Na so in tashi. Na so in ɗaga shi da hagu kaɗai in buga da bango, kuma zan iya. Na zauna. Ba shi na zo nema ba.

Dokta Kadidiya ta ɗauki bik.

"Wata huɗu yana kokowa da mataccen hannu. Attahir, wata takwas ɗinka daga ina ka fara ƙirga?"

"Daga ranar da aka kada ni wurin zaɓen masu zuwa gasar Takobi. Ranar na bar fili."

"Ba ita nake so ba. Safiyar ludayi nake so."

Takwas da huɗu. Ko wanda bai je lakwal ba ya san amsar. 

"Ban riƙe ranar ba," na ce. Gaskiya ce. Ban ɗauke ta rana ba a lokacin.

"Ni na riƙe," in ji Kawu. "Bakwai ga watan Gani. Ana shirin Mauludi."

"Yau nawa ga wata?" Dokta ta tambaya.

"Tara. Ga watan Gani."



Shekara da kwana biyu.

Kawu ya matso da kujerarshi. Ya rage murya, awa mai ciniki bayan kasuwa.

"Ɗiyata, rubuta takwas. Wa ya gani? Daga ni sai shi sai Allah."

"Ba zan rubuta ba."

"Kwana biyu ne!"

"In na yi ƙarya cikin gwaji, ba shi kaɗai na cuta ba. Duk wanda za a yi wa aikin nan gaba da sakamakonsa za a auna."

"Ki aza laifin bisa kaina. Ni na gama."

"Kada ki rubuta takwas," na ce. "Na gaji da takwas. Ki rubuta abin da ya faru. In sun ƙi ni, in je in tsaya ƙofarsu har su gaji da ganina."

Ba ta saurare ni ba. Ta ɗauki wayarta tana latsawa. Ta tashi ta je gaban kalandar da ke bango. Ta aza yatsa.

"Baba, da watan sama kake ƙirga."

"Da wanne zan ƙirga?"

"Su da wannan suke yi. Bakwai ga watan Gani na bara, goma ga Satumba ne. Yau ɗaya ga Satumba." Ta juyo. "Shekarar wata ba ta kai ta takarda ba. Kwana goma sha ɗaya ne tsakani. Kun ci biyu."

"Saura tara," na ce.

"Saura tara. Cikinsu dosiye ya isa, su amsa, ka hau mota, su duba ka da idonsu, su sa hannu. In an yi ruwa hanya ta yanke, ba ruwansu."

"Ko da ƙafa ne."

"Kada ka yi min cika baki. Kwanta. Abin nan ya fita daga hanyata, a ƙarƙashinsa zan duba."

Ta ɗauko almakashi.

"A'a," in ji Kawu. "Ba a yanke shi. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa." Ya dube ni. "Ka san dokar. Wanda aka kwance wa, ya fita daga kokowar gidanmu. Makaɗi ba zai sake kiranka da sunan kakanka ba. Ko hannun ya tashi, baƙo kake a fili."

"Kwance."

"Ka yi tunani."

"Shekara na yi ina tunani. Kwance, Kawu."

Ya taso. Ya durƙusa gefen gadon, gwiwoyinshi na ƙara. Hannu ɗaya gare shi, don haka ya yi yadda ya yi ranar ɗaurawa. Ya riƙe bakin igiya da dama, ya sa haƙori. Igiyar ta sha zufar shekara, ta zama ƙarfe. Ya ja. Ta ƙi. Ya sake ja. Na ji numfashinshi bisa fatata, na ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a damtsena. Ban duba ba.

Ta saki.

Ya koma baya da kambun a baki. Ya tofar da shi cikin tafinshi. Leɓenshi na jini.

Dokta ta matsa wani ruwa mai sanyi awa koko bisa wurin. Ta aza kan na'urar. Allon ya cika da toka-toka da baƙi.

"Ka ga wannan, mai kama da igiya? Ita ce jijiyar. Nan lafiya take. Nan ma." Ta sauko kaɗan. "Nan ta kumbura. Daga nan ta lalace."

"Har ina?"

"Shi zan auna." Ba ta dube ni ba. "Akwai sharaɗi na biyu. Ban faɗa ba, don ban san za mu kawo nan ba. Bututun da suke gwajin da shi iyakarsa santimita biyar. In wurin da ya mutu ya wuce haka, ba su ɗauka."

"Sai mi?"

"Sai wata tiyatar. A juyo wata tsoka ta riƙe maka wuyan hannu. Za ka ci tuwo, za ka riƙe hauya. Ba za ka ɗaga ƙato ba."

Kawu ya fara salati ƙasa-ƙasa.

"Auna," na ce.

Ta ɗiga alama da bik bisa fatata, inda lalacewar ta fara. Ta kwantar da ɗan ma'auni. Ta fara jan na'urar ƙasa, idonta bisa allo.

"Ɗaya."

Igiyar da ke bisa allon ba ta dawo ba.

"Biyu. Uku."

Na'urar ta ƙara sauka.

"Huɗu."

Salatin Kawu ya tsaya.

"Huɗu da rabi," ta ce.

Hannunta bai tsaya ba.